Saƙon da Ya Je wa Mutum Shida

A shekarun da ake sauka daga kan babur a tura shi da hannu in an zo shingen sojoji, ni ne mai kula da kwamfuta a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Arawa a Gombe. Makaranta ce ta kowa da kowa. 'Ya'yan unguwar Herwagana, 'ya'yan Fulani irina daga Gabukka, Tangale, Tera, Waja, duk benci ɗaya suke zama. Mai makarantar 'yar Tangale ce, kowa Madam yake ce mata. Ita ta ɗauke ni aiki da gemuna da komai, a lokacin da gemu ba ƙaramin abin kallo ba ne a shinge. Soja zai ce in buɗe jakar kwamfuta, in kunna, in kashe, ya kalli gemun, ya kalli jakar, ya sake kallon gemun. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, amma a gaban bindiga sai in haɗiye abina in tura babur.

Da tsoro ya yi yawa a gari, aka fara raɗe-raɗin za a taɓa makarantu, sai Madam ta ce tana son hanyar da za ta sanar da duk iyaye abu a lokaci ɗaya. Ta kira mutumin da ke gyara mana kwamfutoci, wani Ibo mazaunin Herwagana da muke ce wa Injiniya. A Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu malamanmu, kuma 'yarsa tana aji uku a makarantar. Mutum ne marar yawan magana, mai son a yi komai yadda ya ce. Ya haɗa mana tsohuwar kwamfuta da layin waya, ya rubuta wata manhaja da ke tura saƙon tes, ya sa mata suna send, wato aika. Ya kulle ta da lambar sirri, ya ce don kada wani ya ɓata masa aiki. Wanin nan ni ne, don babu mai taɓa kwamfutar sai ni. Na ji haushi.

Nawa aikin shi ne in rubuta jerin umarnin da zai ɗauko lambobin iyaye daga rajista, ya miƙa wa manhajarsa su da saƙon. Ranar da na rubuta, Injiniya na zaune kusa da ni yana gyaran firinta. Ba na son in dami iyaye da saƙon gwaji, sai na rubuta ɗan ƙaramin aiki nawa na ciki, shi ma na sa masa suna send, don in na gama gwaji in goge shi kawai ba sai na canza sauran layukan ba. Shi wannan na gwajin, duk yawan lambobin da ka ba shi, mutum shida kawai yake tura wa, sannan ya rubuta a allo cewa an aika wa kowa. Mutum shidan daga wayata na kwafo su, waɗanda na san in na kira su zan tambaye su ba kunya: Hamma, wato yayana, da wan matata, da maƙwabtanmu biyu, da mai shagon da nake sayen katin waya, da wani abokin karatuna. Dukansu suna da yara a makarantar, ni ma na kawo yawancinsu. Gwaji ya yi kyau. Na goge na cikin daga jerin umarnin a gaban Injiniya, har na ce masa ya shaida. Muka rufe kwamfuta muka tafi cin abinci.

Aka yi wata uku ba a buƙaci abin ba.

Wata ranar Talata, wajen ƙarfe tara na safe, Madam ta shigo ɗakina ba sallama. Ta ce wani ya kira ta ya ce gari ba lafiya yau, in tura wa iyaye su zo su ɗauki yaransu yanzu. Na rubuta, na tura, allo ya ce an aika wa kowa. Ta leƙa ta gani da idonta ta fita. Kafin tara da rabi Hamma ya iso da babur ya kwashi nasa uku. Sauran biyar ɗin ma suka zo ɗaya bayan ɗaya. Daga nan shiru. Muna tsaye a bakin gate muna cewa iyayen zamani ba sa duba waya.

Wajen sha ɗaya muka ji ƙarar bom daga can cikin gari. Tagogi suka girgiza. Nan take aka rufe hanyoyi, layin waya ya cushe, ba ka samun kowa. Muka tara yara a babban ɗaki, ƙanana na kuka, manya na leƙen taga. Iyaye suka riƙa isowa a ƙafa, wasu ba takalmi, wata mata da zanin wanka a kafaɗa. Injiniya ya iso jiƙe sharkaf da gumi, ya ɗauki 'yarsa ya rungume, ban ji ya ce wa kowa komai ba. Sai bayan la'asar yaro na ƙarshe ya tafi. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi.

Tun a ranar magana ta fara. Madam na ce wa iyaye ai mun tura saƙo tun tara, su kuma suna miƙo mata waya ta duba. Babu saƙo. Mai gadi, da bakinsa ba ya rufuwa, ya lissafa waɗanda suka zo da wuri. Mutum shida, duk Musulmi, duk mutanen malamin kwamfuta mai gemu.

Washegari shugaban ƙungiyar iyaye ya zo. Tsohon ɗan sanda ne mai ritaya, shi ma daga Herwagana, dogo, mai magana a hankali kamar yana karanta takarda. Ya je kamfanin layi ba su ba shi komai ba, sai ya bi iyaye gida-gida ya rubuta wanda ya samu saƙo da wanda bai samu ba. Ya ajiye takardar a teburin Madam, ya ce a gabana:

"Malam, ba na cewa ka san abin da zai faru. Amma awa biyu kafin abin, 'yan uwanka sun kwashe yaransu, namu suna nan. Ranar Juma'a da safe zan dawo da iyaye uku. In ban ji bayanin da ya gamsar da ni ba, zan kai wannan takarda inda ake kai irinta."

Kowa a Gombe ya san inda ake kai irinta. A unguwarmu an ɗauki wani tela a kan lambar waya ɗaya da aka gani a wayarsa, aka ce tambayoyi kawai za a yi masa, sai da matarsa ta yaye yaro kafin ya dawo. Ni lambobi shida ne, da gemu, da kwamfuta. Na ji tsoro. Kuma a jikina tsoro ba ya daɗewa sai ya koma fushi.

Na rufe kaina a ɗakin kwamfuta na buɗe jerin umarnin. Na karanta daga sama har ƙasa, na karanta daga ƙasa har sama. Layuka ashirin da 'yan kai ne, ba littafi ba. Babu na gwajin, na goge shi, na tuna sarai. Layin ƙarshe cewa yake a kira send a ba shi duk lambobin rajista. To in nawa aikin a wanke yake, saura na wa? Manhajar da aka kulle, wadda ban taɓa ganin cikinta ba. Kuma a duk faɗin duniya mutum nawa ne suka san waɗannan lambobi shida a jere? Ni, da wanda ke zaune kusa da ni yana gyaran firinta.

Daga nan komai ya fara haɗuwa a kaina. Na tuna lokacin da za a ɗauke ni aiki an ce Injiniya ya kawo wani ɗan garinsu, Madam ta ƙi. Na tuna ranar da ya ce mini, yana dariya, in rage gemun nan don sojoji su daina ɓata mini lokaci. Na tuna yadda yake juya allo in zai sa lambar sirrinsa. Wata zuciyar ta ce, kai, 'yarsa fa tana cikin yaran. Sai na ba ta amsa cewa ai ba sai ya san ranar ba. Tarko ya ɗana ya bari, duk ranar da aka fara tura saƙo in ji kunya a kore ni, sai abin ya zo ya fi yadda ya zata. Shi ya sa ya kasa haɗa ido da kowa da ya zo ɗaukar yarinyar. Har shirunsa na mayar hujja.

Da yamma na je wajen Hamma na zayyana masa. Shi dillalin shanu ne, kwamfuta a wurinsa akwatin talabijin ce marar tasha. Ya saurare ni yana taunar goro, ya ce, "Kai dai tun kana yaro in akuya ta ɓata sai ka ce sata aka yi. Ka tambayi mutumin mana."

Na ce, "Hamma, ka taɓa ganin an tambayi mai tarko ko shi ya ɗana?"

Ya ce to in tafi ruga wajen su Baffa in kwana biyu har ƙura ta lafa. Na ce in na gudu ai na amsa laifi ke nan. Ya ce in ban gudu ba fa? Ba mu rabu da daɗi ba.

Ranar Alhamis na sami Madam ita kaɗai a ofis. Na ja ƙofa na rufe. Na faɗa mata komai, da lambar sirri, da ɗan garinsu, da maganar gemu. Na ce mata ƙarara Injiniya ne ya shirya mini wannan. Ta cire tabarau ta kalle ni.

"Malam, ka san nauyin abin da kake faɗa?"

"Na sani, Madam. Nauyin da aka ɗora mini ne nake mayar wa mai shi."

Ta ce ta riga ta kira shi ya zo gobe ya duba na'urar a gaban kowa, kuma ba za ta faɗa masa abin da na ce ba. Na fita ina jin na yi dabara.

Juma'a da safe muka cika ɗan ɗakin kwamfutar: Madam, shugaban iyaye da takardarsa a aljihun gaba, iyaye uku, ni, da Injiniya. Ya gaishe ni kamar kullum, "Malam, ina kwana, ya iyali?" Na amsa a daƙile. Ya ja kujerata ya zauna. Ina tsaye a bayansa ina lura da yatsunsa, don na ƙudura ko harafi ɗaya ya goge zan kama hannunsa.

Ya fara da tasa manhajar. Ya sa lambar sirri a gaban kowa, bai juya allo ba, ya buɗe ta. Ya ce wa shugaban iyaye ya ba shi lambarsa, ya kira manhajar kai tsaye da cikakken adireshinta. Wayar tsohon ta yi ƙara a aljihu. Ya yi wa sauran ukun haka, duk saƙon ya shiga. Babu lambata ko ɗaya a ciki. Na ce a raina ai yana da kwana uku, ya isa ya share.

Sai ya buɗe nawa jerin. Ya karanta a hankali, ya sa yatsa a layi na biyu, wanda ke jawo wani ɗan fayil na saituna, inda nake ajiye sunan makaranta da inda rajista take. Ban taɓa kallon wannan layi a matsayin abin karantawa ba, kamar yadda ba ka karanta bismillar saman wasiƙa. Ya jawo fayil ɗin, sannan ya rubuta kalma biyu yana tambayar na'urar, in an ce send, wanne take nufi. Ta amsa cewa aiki ne na ciki, ta zubo shi a allo. Ga lambobi shida a jere. A samansu ga wata 'yar tunatarwa da Fulatanci, da na rubuta wa kaina cewa in goge wannan bayan gwaji.

Nan take na tuna. A wannan fayil na fara rubuta shi, sannan na kwafa zuwa babban jerin don in riƙa ganinsa. Kwafin na goge a gaban Injiniya ina cika baki. Na asalin yana nan wata uku yana jirana.

Injiniya ya juya ya yi wa iyaye bayani da Hausa, yana sa Turanci inda tsohon ya ɗaga gira. Ya ce na'ura in ka kira suna, cikin gida take fara dubawa. Kamar ka tsaya a tsakar gida ka kira yaron maƙwabta, alhali ɗanka ma sunansa ke nan, ai naka ne zai amsa, kuma shi za ka aika ba ka sani ba in ba ka ɗaga kai ba. In kana son na waje, sai ka kira shi da sunan gidansu. Ya nuna musu ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe, wata uku da suka wuce, ranar gwaji. Ya ce, "Ina nan zaune ranar. Sakaci ne, kuma babba ne. Amma wanda ya rubuta wannan bai san abin da zai faru ranar Talata ba."

Shugaban iyaye bai motsa ba. Ya ce shi ya yi shekara talatin yana jin bayani mai daɗi. Kwanan wata a na'ura, wanda ya iya ta zai iya gyara shi. "Ku biyu kuke aiki tare, kuna cin abinci tare. Ta yaya zan san ba rufa masa asiri kake yi ba?"

Na ga Madam ta kalle ni, ta kalli takardar da ke aljihun tsohon, na gane abin da za ta yi tun kafin ta buɗe baki. Na so in ce mata kada, amma ban ce ba, don ni ma takardar nake kallo.

Ta ce, "Baba, ba haɗa baki suka yi ba. Jiya Malam ya same ni a ofis ya ce Injiniya ne ya ɗana masa tarko don a kore shi. Injiniya bai ma san an faɗi haka ba sai yanzu."

Injiniya bai juyo ba. Bayan wuyansa kawai nake gani da hannunsa a kan madannai. Tsohon ɗan sandan ya gyara tsayuwa, ya ce, "To, ka ji abin da ya ce a kanka. Har yanzu kana kan maganarka?"

Ban san tsawon shirun ba. Na san dai a cikinsa na lissafa komai: matata, ɗakin da ake kai mutane, Hamma yana bin ofisoshi da hula a hannu. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ko cewa ya yi bai tabbata ba, shi ke nan.

Ya ce, "Abin da na'ura ta nuna shi ta nuna, Baba. In ana so in rubuta in sa hannu, a ba ni takarda."

Aka ba shi. Ya rubuta shafi guda ya sa hannu da lambar wayarsa. A wancan lokaci, Kirista ya sa hannu a kan takardar wanke mai gemu, ya san in wani abu ya ɓullo gobe shi ma za a zo nemansa. Tsohon ya karanta sau biyu, ya ciro tasa takardar daga aljihu ya miƙa wa Madam, ya ce ta ajiye a wurinta. Ya ce mini in gode wa Allah, in kuma koyi aikina. Na haɗiye wannan ma, don gaskiya ya faɗa.

Da suka fita, Injiniya ya goge na gwajin, ya gyara layin ƙarshe ya sa cikakken adireshin manhajar, ya tura saƙo ɗaya ga duk iyaye. Muna jin wayoyin malaman da ke da yara a makarantar na ƙara a ajujuwa. Ya tattara kayan aikinsa ya zuba a jaka ya fita. Na bi shi har bakin gate inda ya ajiye babur. Kunya ta cika ni har ba na iya ɗaga kai. Na ce, "Injiniya, don Allah ka yafe mini. Tsoro ne."

Ya ɗaure jakar a bayan babur, ya ja igiyar sau biyu.

"Malam, ni ma na ji tsoro. Ranar Talata da gudu na zo daga Herwagana, ban san ko zan same ta da rai ba. A nan wurin da kake tsaye na tarar ana kiran sunanka, har wani na cewa a shiga a fito da kai. Na ce musu duk wanda zai shiga sai ya bi ta kaina." Ya hau babur ya taka. "Ka gaida gida."

Na ci gaba da aiki a makarantar shekara biyu bayan haka. Shi ma bai daina duba mana kwamfutoci ba, bai kuma cire 'yarsa ba. Sai dai ya canza lokacin zuwansa. Ranar Juma'a yake zuwa, tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, lokacin da ya san ina masallaci. In na dawo sai in tarar an gyara abin da ya lalace, an tura kujerata ƙarƙashin tebur, mai gadi ya ce mini yanzun nan ya fita.